Rangwamen Haraji Ga Ma'aikacin Da Ke Aiki Da Motarsa A Biritaniya

'Yan Nijeriya da dama da ke zaune a Biritaniya suna aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu. Irin wannan ma'aikaci yakan wuni yana zirga-zirga daga wannan gida zuwa wancan a cikin motarsa ta kansa, shi ne da sayen mai, shi ne da gyara. Da yawa ba su san cewa dokar ƙasar ta tanadar musu rangwamen haraji a kan wannan ɗawainiya ba, saboda haka shekara ta kan zo ta wuce ba su nemi haƙƙinsu ba.

Hukumar tara haraji ta ƙasar, watau HMRC, takan ƙayyade kuɗin da mai ɗaukar aiki zai iya biyan ma'aikaci a kan kowane mil ba tare da an cire haraji ba. A watan Afrilu na 2011 aka ɗaga adadin daga kwabo 40 zuwa kwabo 45 a kan mil 10,000 na farko a shekara, abin da ya haura haka kuwa kwabo 25 ne. Babur kwabo 24, keke kwabo 20. (Kwabo ɗari ne fam ɗaya.) Da waɗannan adadi aka yi lissafin shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025, amma lalle ne mai nema ya duba adadin shekarar da yake nema a kanta. Shekarar haraji a can tana farawa ran 6 ga Afrilu, ta ƙare ran 5 ga Afrilu na shekara mai bi mata.

Idan mai ɗaukar aiki ya biya ƙasa da adadin hukuma, ko kuma bai biya komai ba, to a kan giɓin nan ne ake samun rangwame. Alal misali, a ce wata ma'aikaciya ta yi mil 12,000 a shekarar da aka ambata. A lissafin hukuma, mil 10,000 sun kama fam 4,500, sauran 2,000 kuma fam 500, jimla fam 5,000 ke nan. Idan kamfaninta ya biya ta kwabo 30 a kowane mil, ta karɓi fam 3,600, saura fam 1,400.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Hukuma ba za ta ba ta fam 1,400 a hannu ba. Abin da za a yi shi ne a fitar da wannan kuɗi daga albashin da ake ɗora wa haraji, sa'an nan a mayar mata da harajin da ta riga ta biya a kansa. In tana biyan kashi 20 cikin ɗari, fam 280 za ta samu; in kashi 40 ne, fam 560. Wanda albashinsa bai kai a cire masa haraji ba, ba shi da abin da za a mayar masa, ko da ya kai ƙarshen duniya da motarsa. Idan kuwa kamfani ya biya fiye da adadin hukuma, rarar tana shiga cikin abin da ake biya wa haraji.

Ba kowace tafiya ce ake ƙirgawa ba. Zuwa wurin aiki na dindindin daga gida da komowa ba ya ciki, komai nisansa. Abin da ake ƙirgawa shi ne tafiyar da aikin kansa ya wajabta, kamar tashi daga gidan wani majinyaci zuwa na wani, ko zuwa wurin aiki na wucin gadi. Wurin da mutum ya san zai shafe fiye da wata 24 yana yin yawancin aikinsa a cikinsa ya tashi daga na wucin gadi. Har ila yau, adadin mil ɗin ya ƙunshi mai da gyara da inshora da harajin mota, don haka ba a sake neman su daban. Wanda ke tuƙa motar kamfani kuma, nasa tsarin daban ne.

Wanda abin da yake nema bai wuce fam 2,500 a shekara ba, zai cika fom mai lamba P87. Wanda nasa ya haura haka sai ya bi ta takardar bayyana kuɗin shiga ta shekara. Ana iya komawa baya har shekaru huɗu. Neman kyauta ne, ba dole sai an bi ta hannun dillalai masu yankar kamasho ba, ko da yake tallarsu ta cika intanet.

Daga watan Oktoba na 2024 hukumar ta tsananta neman shaida. Saboda haka ya kamata kowane ma'aikaci ya ajiye ɗan littafi a cikin mota, ya riƙa rubuta ranar tafiya, da dalilinta, da lambar gidan waya ta inda ya taso da ta inda ya sauka, da yawan mil. Ya kuma adana takardun albashinsa, domin su ne za su nuna abin da kamfani ya riga ya biya shi.