Abin da Ya Dace a Shuka a Gindin Itace Mai Inuwa

Daga cikin tambayoyin da masu gidaje suka fi yawan aiko mini akwai ta wanda ya dasa mangwaro ko darbejiya a tsakar gidansa, itacen ya girma ya baza rassa, amma ƙasar gindinsa ta zama fako, ƙura da rani, taɓo da damina, kuma duk ciyawar da ya sayo ya shimfiɗa sai ta ƙanjame ta mutu tun shekara ba ta zagayo ba. Galibi ciyawar nan kiri-kiri ce, wadda Allah Ya halitta da son rana tsantsa, saboda haka wanda ya kai ta inuwa ya ɗora mata abin da ba ya cikin ɗabi'arta.

Amma fa illar ba ta tsaya ga ƙarancin haske ba, domin ƙishirwa ita ce babbar musibar gindin itace. Ƙananan saiwoyin da itace yake shan ruwa da su suna kusa da fuskar ƙasa, suna kuma rigan kowane tsiro zuƙe laima. Ganyen mangwaro, saboda duhuwarsa, yana tare yayyafi. Sa'an nan tsintsiyar da ake bin wurin da ita safe da yamma tana kwashe busasshen ganyen da zai ruɓe ya zama taki. Wanda ya fahimci waɗannan sabubba uku, haƙiƙa ya san rabin magani.

Kafin a kashe ko kwabo, wajibi ne mutum ya lura da wurin yini guda, daga hantsi zuwa la'asar. Idan rana tana leƙowa sa'a 3 ko 4, ko tana ratsowa ta tsakanin ganye, to, na'a-na'a za ta yi muddin ana ba ta ruwa, haka ma dankalin Hausa, ko da yake ganyensa za a fi mora a nan. Akwai kuma wata 'yar uwar gyaɗa mai furen ruwan ɗorawa, asalinta ƙasar Barazil, masana na kiranta Arachis pintoi, wadda take jure inuwa tana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar sauran danginta, sai dai ta fi jin daɗin wurare masu ni'ima irin Jos da kudancin Kaduna. Idan kuwa inuwar mai duhu ce, babu kamar moɗa, wadda take haƙuri da fari ƙwarai, da kuma tsiron nan mai ganye kore a sama shuni-shuni a ƙasa, wato Tradescantia spathacea, da 'yar uwarsa zebrina mai yaɗo, amma a kiyaye yara da ruwan jikinsu don yana sa ƙaiƙayi. Ina gargaɗi game da wata shuka mai suna wedeliya, wadda masu sayarwa suke yabo saboda saurin yaɗuwarta, alhali kuwa masana sun lissafa ta cikin halittu 100 mafi mamaye wuri a duniya.

Dangane da samun iri, masu rainon furanni na bakin titi a Kano da Kaduna da Abuja ba su rasa yawancin waɗannan tsirrai. A dubi waɗanda suka jera a inuwa, a tambayi sunan kowanne. Abin da ya fi wannan alheri shi ne a roƙi reshe ko 'ya'yan gindi daga maƙwabcin da inuwarsa ta yi kama da taka, domin abin da ya rayu a ƙasarsa da ruwan rijiyarsa ya riga ya ci jarrabawa.

A dasa a farkon damina, idan ruwa ya zauna, da tazarar santimita 30, a ƙananan ramuka tsakanin saiwoyi ba tare da an sare su ba. A barbaɗa ruɓaɓɓen taki wanda kaurinsa bai wuce santimita 5 ba, a bar kamu biyu fili kewaye da kututture, a kuma nisanta shukar da bango da hanyar wucewa saboda maciji da kunama. Ranin farko shi ne mizani: a yi ban ruwa mai ratsa ƙasa sau biyu a mako, ko uku lokacin bazara, kuma a daina share ganyen da ya faɗo a tsakaninsu. Shukar da ta kai damina ta biyu, in Allah Ya yarda, ta kafu, kuma daga nan hidimarta 'yar kaɗan ce.