Tambaya da Amsa: Kan Fistol Yana Sulluɓe Mini In Hannu Ya Jiƙe

TAMBAYA: Ni jami'in tsaro ne, an yi mini canjin wurin aiki daga arewa zuwa yankin Neja Delta. Tun da damina ta kankama nake fama da matsala ɗaya. In ruwa ya dake mu, ko hannuna ya yi gumi da laka, sai in kasa jan silaid ɗin fistol ɗina, wato ƙarfen saman nan da ake ja baya a ɗana ta. Yatsuna sai su sulluɓe. Wani abokin aiki ya ce in kai wa maƙeri ya ƙara zurfin tsagogin da ke jikin silaid ɗin da magagari, wani kuma ya ce in manna samfefa. Wanne ya fi? Daga mai karatu a Fatakwal.

AMSA: Ofisa, Allah ya tsare ku a bakin aiki. Maganar maƙeri dai ka ajiye ta tun yanzu. Bindigar hannunka ta hukuma ce, kuma ba mai ikon taɓa ƙarfenta sai mai kula da makaman rundunarku. Ban da wannan ma, ana ƙona saman silaid da wani sinadari a masana'anta don ya yi tauri ya kuma jure tsatsa. Da zarar magagari ya kankare wannan fatar, ka buɗe wa tsatsa ƙofa, a garin da iskarsa kanta ɗauke take da danshi da gishirin teku.

Ina kyautata zaton matsalar daga riƙo take. Yawancin mutane da babban yatsa da manuniya suke tsunkular bayan silaid su ja. Yatsu biyu ne kacal a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, ga sifirin mai ƙarfi yana ja da su, dole su zame. Ka ɗora tafin hannun hagu ta sama a bayan ramin da kwanso ke fita, tudun tafi ya danne gefe ɗaya, yatsu huɗu su danne ɗaya gefen. Sannan ka matso da bindigar kusa da ƙirji, bakinta na kallon inda ba kowa, ka riƙe silaid ɗin gam, ka tura jikin bindigar gaba da hannun dama da ƙarfi a lokaci guda. Kafaɗa da ƙirji ne ke aikin, yatsu riƙo kawai suke yi. In ya kai ƙarshe ka sake shi ya koma da kansa. Kada ka raka shi a hankali, don hakan kan hana harsashi zama daidai.

Abu uku nake roƙonka kada ka yi sakaci da su: yatsa ya yi nesa da kunama, tafinka kada ya rufe ramin fitar kwanso, kuma ko ɗan ƙaramin yatsa kada ya gitta gaban bakin bindiga. In kuwa irin Beretta 92FS ce a hannunka, ka sani maɓallin kariyarta a jikin silaid yake, kuma wannan riƙon na iya danna shi ƙasa ba ka sani ba. Ka saba da duba shi duk lokacin da ka ɗana.

Sai batun mai. Na sha ganin bindigar da aka yi wa wanka da mai har tana ƙyalli, mai ita yana ganin kulawa ce. Man da ya gangaro cikin tsagogi, in ya haɗu da ruwa, ya fi sabulu santsi. A arewa kuma, lokacin hunturu, ƙura ce ke cakuɗuwa da shi ta cike tsagogin har su shafe. Ɗigo kaɗan ake bukata, a kan layukan da silaid ke gudu a kai da kuma bayan bututun. Wajen silaid ɗin a goge shi da busasshen ƙyalle. Ka nemi tsohon buroshin haƙori ka riƙa bin tsagogin ɗaya bayan ɗaya duk sanda kuka dawo daga sintiri, bayan ka cire gidan harsashi ka tabbatar da idonka cewa ba komai a ciki. Sau da yawa iyakar gyaran ke nan.

Shawarar abokinka na biyu tana da tushe. A Amurka ana sayar da salatif mai kaushi da aka yanka daidai da kowace bindiga, irin na kamfanin Talon Grips, kuma yana taimakawa sosai in hannu ya jiƙe. Amma yana ɓanɓarewa in zafi da mai sun taɓa gam ɗinsa, yana cin cikin kube, kuma in gefensa ya ɗago yana iya shiga inda zai tsayar da bindigar. In an ba ka izini, ɗan ƙaramin yanki a bayan silaid ya isa, nesa da ramin kwanso da ƙugiyar da ke fizgo shi. Samfefar kafinta kuwa ba ta jure ruwa, kwana kaɗan za ta narke.

Masu ƙera bindiga ma sun san da wannan kuka. Heckler & Koch sun fitar da VP9 a 2014 da wasu ƴan kunnuwa biyu a bayan silaid don yatsu su sami matokara, Glock kuma suka ƙara tsagogi a gaban wasu bindigoginsu na Gen5. Sai dai ba kai ke zaɓen abin da za a ba ka ba, tsagogin gaba kuma suna kusantar da hannu ga bakin bindiga, don haka ban cika son sabo da su ba.

Safar hannu marar kauri mai roba a tafi tana da amfani, muddin ba ta hana yatsanka jin kunama ba. Ka je filin atisaye tare da malamin harbinku, da harsashin gwaji marar albarushi, ka jiƙa hannunka da gangan ka yi ta maimaita riƙon. In bayan duk wannan silaid ɗin yana nan da tauri fiye da na abokan aikinka, ka mayar da bindigar ma'ajiyar makamai a duba sifirin da layukan, don wataƙila tsatsa ko lanƙwasa ce a ciki.