Ƙarancin Ƙwaƙwalwar Aiki a Wayar Hannu: Yadda Manhaja ke Sakin Bayanan Wucin Gadi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin gargaɗin da wayar hannu ke aika wa manhajoji idan ƙwaƙwalwar aikinta ta kusa cika. An gano cewa ingancin manhaja ya dogara ne ga rarrabe bayanan da za a iya sake samu da waɗanda in sun salwanta, shi ke nan.

Gabatarwa

Waya tana da ma'aji iri biyu: rumbun ajiya, inda bayanai ke zama ko an kashe ta, da ƙwaƙwalwar aiki, wadda duk manhajojin da ke buɗe suke rabawa. Domin sauri, manhaja takan riƙe kwafin hotuna da sautuka a ƙwaƙwalwar aiki. Waɗannan su ake kira bayanan wucin gadi.

Sigogin Gargaɗi

A Android, tun daga zubi na 4.0 da ya fito a 2011, ana sanar da manhaja ta hanyar onTrimMemory, tare da matakin da ke fayyace halin da ake ciki, misali cewa fuskarta ta ɓace daga allo. Idan matsi ya tsananta, wani ɓangare mai suna lmkd yakan rufe manhajoji, yana farawa da waɗanda ba a amfani da su a lokacin. A iPhone kuwa, gargaɗin yakan zo ta didReceiveMemoryWarning, sannan ma'ajin NSCache yakan rage kayansa da kansa.

Abin da ya Kamata a Saki

A ɗauki misalin manhajar ƙamus mai ɗauke da lafazin kalmomi. Da zarar gargaɗi ya zo, sautuka da hotuna ne za su fara fita, domin asalinsu yana rumbun ajiya. Akan fara da wanda ya fi daɗewa ba a taɓa ba, kamar yadda LruCache ke yi. Amma bayanin da manazarci ya rubuta a kan wata kalma ba shi da kwafi. Wajibi ne a adana shi da zarar ya bar manhajar, domin ana iya rufe ta ba tare da sanarwa ba.

Kammalawa

Matsalar ta fi tsanani a wayoyi masu sauƙin kuɗi, waɗanda dominsu Google ya fito da Android Go a 2017. Saboda haka, ya dace masu ƙera manhajojin Hausa su riƙa gwada su a irin waɗannan wayoyi kafin su kai hannun jama'a.