Shawarwari: Kada 1.10 Ta Shiga Gaban 1.2

A Gabi da ƙauyukanta, rajistar asusun mata, jerin gonaki da hotunan takardun haihuwa sun fara komawa cikin waya da kwamfuta. Sai ku rubuta 1.2 da 1.10, na'ura ta ɗora 1.10 a sama. Dalili shi ne tana karanta rubutu harafi bayan harafi, ta ga 1 kafin 2. Ga yadda za ku kauce wa wannan ba tare da kashe ko dala ba.

1. Ku fara tsarin a takarda. Lambar farko ta zama rukuni: 1 takardun haihuwa, 2 takardun gona, 3 zubin asusu. Ta biyu kuma ta nuna wane ne ko wace gona ce. Ku ɗauke su kamar gida da ɗakunansa, 2.10 ɗaki na goma ne a gida na biyu.

2. Ku sa sifiri a gaba. In za ku raɗa wa hoto suna, ku rubuta 1.02 maimakon 1.2. Haka kowace waya za ta jera su daidai. In jerin zai wuce 99, ku yi lamba uku: 1.002.

3. A Excel, ku mai da layin ya zama na rubutu tun kafin ku cika shi. In an saita shi da Turanci, zai ɗauki 1.10 a matsayin lissafi, ya yar da sifirin. Nan take mace ta goma ta ɗauki lambar ta farko, zubinsu ya cakuɗe.

4. In da hali, ku raba lambar gida biyu. Rukuni a layi ɗaya, lambar mutum a layi na gaba. Ku sa a jera da na farko, sannan da na biyu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a yankin Maradi a 1991, za su ji daɗin wannan tsari a ranar rabon kuɗin asusu.

5. Matashin da ke rubuta Python, in lambar ce mabuɗin ƙamusun bayananka, ka bar ta a matsayin rubutu. In ka mai da 1.10 lamba mai ɗigo, za ta zama 1.1, ta goge bayanin da ke can ba gargaɗi. Ka yanka mabuɗin a wurin ɗigo da split, ka mai da kowane yanki cikakkiyar lamba da int, ka ba sorted wannan ya jera da shi. Tun fitowar Python 3.7 a 2018, ƙamusun bayanai yana riƙe yadda aka shigar da abubuwa ne kawai, ba ya jera su da kansa.

6. Kada ku ba sabon shiga tsohuwar lamba. Wadda ta bar ƙungiya ta tafi da lambarta. In kun maimaita, bashin wata zai hau kan wata.

7. Ku gwada kafin ku dogara. Ku shigar da 2.1, 1.10 da 1.2, ku sa a jera. In 1.2 ta fito farko, 2.1 ta zo ƙarshe, ku zuba sauran. Littafin rajista kuwa ku adana shi cikin leda, nesa da gara da ruwan damina, domin shi ne shaida in waya ta ɓace.