Malam-buɗe-littafi a Kiɗan Ɗaki: Tsokaci ga Ɗaliban Fassara

Wannan maƙala za ta duba wata matsala da ɗalibin fassara kan ci karo da ita, wato yadda alama ɗaya kan sauya ma'ana idan ta tsallaka daga wata al'umma zuwa wata.

Turawa suna da wani nau'in kiɗa na mutane kaɗan, biyu ko huɗu ko biyar, wanda asalinsa a ɗaki ake yinsa. Mu kira shi kiɗan ɗaki. Gabriel Fauré na Faransa yana da wani ɗan gajeren kiɗa mai suna Papillon, wato malam-buɗe-littafi, wanda aka buga a 1898. Da fiyano ake yinsa da wani babban goge mai suna selo. A 2000 kuma Kaija Saariaho, 'yar ƙasar Finland, ta tsara ƙananan kaɗe-kaɗe guda 7 a kan wannan ƙwaro, na selo kaɗai. Sautinsu siriri ne, yana karkarwa kamar zai ɓace. A wurin Turawa wannan ƙwaro alama ce ta rauni da sabuwar rayuwa, domin tsutsa ce ta naɗe kanta, sannan ta fito da fukafukan da ko ɗan yatsa kan ɓata.

To, a nan gizo ke saƙar. Da na fara koyon Hausa na ɗauka sunan wani malami ne. Kalmar harɗaɗɗen suna ce mai sassa uku: suna, da aikatau na umarni, da karɓau. Umarni a cikin harɗaɗɗen suna ba baƙo ba ne, akwai shi a dafa-duka da faɗi-ka-mutu. Abin da Bahaushe ya gani shi ne fukafukai suna buɗewa suna rufewa kamar shafukan littafi, sai ya mutunta ƙwaron, ya ba shi malanta, yana ma tsokanarsa. Babu rauni ko kaɗan a sunan. Wanda ya fassara sunan kiɗan Saariaho kai tsaye, mai karatu zai yi murmushi ne a inda ake so jikinsa ya yi sanyi.

A ganina, makusancin wannan kiɗa a wurinmu shi ne shantu. Dogon ɗan duma ne mai baki biyu, mata kan buga shi a cinya suna taɓa bakin da tafin hannu. Sautinsa ba ya nisa. Duk wanda ya halarci wushe-wushe a nan Maiduguri ya san yadda ganga da algaita ke cika unguwa. Shantu kuwa sai wanda ke cikin ɗakin.

A irin wannan ɗaki, wadda ke ɗauke da raunin ita ce amarya. An sa ta a lalle, an lulluɓe ta, tana kuka don za ta bar gidan da ta sani, ƙawayenta na waƙa suna lallashinta. Bayan an kai ta sai a yi buɗar kai. Lulluɓi sannan buɗewa: abin da Bature ya gani a jikin ƙwaro ke nan. Don haka idan aka ba ni fassarar bayanin wannan kiɗa, zan bar sunan ƙwaron yadda yake, amma in ƙara jimla ɗaya da za ta kai mai karatu ɗakin amarya.