Haɗaɗɗun Gurabe a Jadawalin HTML da Yadda Ake Warware Su

Gabatarwa

Ɗalibin harshe ba ya rabuwa da jadawali, ko na baƙaƙe ko na wakilin suna. Wannan ɗan rubutu zai duba wata matsala da ke tasowa idan aka so kwashe bayanai daga jadawalin HTML ta amfani da JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995.

Ina Matsalar Take?

Akwai kalmomi biyu na haɗe gurabe. Kalmar colspan tana shimfiɗa gurbi a kwance, rowspan kuwa tana miƙa shi ƙasa. Mu ɗauki jadawali mai rukuni uku: mutum, jinsi, wakilin suna.

Mutum na biyu | namiji | kai
(haɗe da na sama) | mace | ke

An rubuta "mutum na biyu" sau ɗaya da rowspan="2". Ido yana ganin gurabe uku a layi na biyu, amma kwamfuta biyu kawai take samu. Da yake JavaScript daga sifiri yake fara ƙirga, gurbi mai lamba 1 a layin farko "namiji" ne, a layi na biyu kuwa "ke" ne. Ke nan wakilin suna ya faɗa rukunin jinsi, bayanan bincike sun gurɓata.

Mafita

Sai a gina jeri mai hawa biyu, wato jerin da kowane layi a cikinsa shi ma jeri ne.

1. A tanadi jerin da babu komai a ciki domin kowane layi.
2. A ɗauki gurabe ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama.
3. Kafin a ajiye gurbi, a tsallake duk mazaunin da wani gurbi daga sama ya riga ya cike.
4. A karanta rowSpan da colSpan na gurbin, a kwafi abin da ke ciki a duk mazaunan da ya mamaye.

Mataki na 3 shi ne ƙashin bayan aikin. Da shi "mace" za ta tarar an cike mazauni 0, ta matsa zuwa 1, "ke" ta sauka a 2.

Hattara: rowspan="0" na nufin gurbin ya miƙe har ƙarshen sashen jadawalin, don haka kada a ɗauke shi a matsayin babu.

Jinga

Ƙara layin "mutum na farko". Tunda "ni" ba ya bambanta jinsi, haɗe gurbin mutum da na jinsi da colspan="2". A wane mazauni "ni" zai sauka? Gwada a takarda kafin ka taɓa kwamfuta.