Hazon Hunturu da Motar da Ba Ta da Fitilar Baya

Duk mai sana'ar gyaran mota a hanyar Kano zuwa Daura ya san cewa daga Disamba zuwa Fabrairu janwe ba ya hutawa. Mai wannan rubutu bakanike ne a Dambatta, kuma wata Sharon da ya jawo a hunturun bara ce ta sa shi ɗaukar alƙalami, don har yau abin yana ci masa rai.

Ranar Asabar da la'asar direban motar ya shigo gareji, matashi ne mai jigila tsakanin Kazaure da Dambatta. Juyen mai kawai ya kawo shi. Da aka zagaya motar sai aka tarar fitilun baya duk sun mutu, har da na birki. A gaba kuwa wani rewaya ya ɗora masa fararen ƙwayaye masu kashe ido, ɗaya na haska sama ɗaya na kallon gona. Waifa babu roba. Gilashin gaba ya yi dishi-dishi saboda gogar ƙura da busasshen tsumma. Bakaniken ya ce masa, "Ɗana, ka bar motar nan ta kwana a gyara wayarin. Ka ga yadda garin ya rufe." Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, gobe Lahadi ce fa, kasuwa. Bari in yi lodin safe, in na samu na balas sai in dawo. Hanyar nan ko ido rufe na san ta."

Gyaran da ya guje wa bai kai kuɗin lodi ɗaya ba.

Washegari bayan sallar asuba ya cika mota maƙil, mutum biyu a gaba, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Hazo ya sauko sosai, ga hayaƙin wutar kara da mutane ke jin ɗumi a bakin titi. Fasinjojin da suka tsira sun ce ya kunna dogon haske, ya take totur don ya riga wata mota kaiwa. A wata mahaɗa wani yaro ya fito daga burtali da amalanken shanu, ya ɗauko dawa zai kai kasuwa. Kafin direba ya gan shi har ya iso kansa. Ya taka birki, motar ta ja taya, ta daki amalanken ta tsaya a gicciye a tsakiyar kwalta. Mutane na ƙoƙarin fitowa ke nan sai wata daf da ke biye, wadda ba ta ga ko ɗigon jan haske a gabanta ba, ta naushi bayan motar. Yaron ya rasu nan take. Wata dattijuwa da ke kujerar baya ta cika a hanyar asibiti. Sa ɗaya a wurin aka yanka shi. Da janwe ya iso, dawa na warwatse a titi, an tattara takalman fasinja an jera a gefe.

Direban ya rayu, da karaya a cinya. Da aka je duba shi, abin da ya faɗa shi ne, "Ƙaddara ce." Babu musulmin da ke musun ƙaddara. Amma fitilar baya ba ita ta kashe kanta ba, kuma an faɗa masa.

Ƙurar nan daga nesa take tasowa, akasari daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta juye mana. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan yi gargaɗi a kanta, jirage kan fasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Manya ba su manta da 22 ga Janairun 1973 ba, ranar da jirgin alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu. To in matuƙin jirgi mai na'urori yana shakkar hazo, mene ne hujjar mai Golf da fitila ɗaya?

Lissafin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In abin da ido ke hangowa bai wuce mita 50 ba, direba bai da ko daƙiƙa biyu cikakku, kuma kafin ƙafa ta bar totur ta hau birki rabin tazarar ta tafi. Ga shi ƙasar nan ba daji ba ce. Daga Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko daga Dambatta zuwa Makoɗa, gona na manne da gona, ƙauye na kallon ƙauye. Kowane burtali na iya fito da amalanke, ko jaki, ko kurkura, ko 'yan makarantar allo da suka duƙunƙune cikin mayafi ba sa jin hon. Ga masu shanya a gefen kwalta bayan kaka.

Dogon haske a cikin hazo makanta ne. Ƙura ke dawo da hasken idon mai shi, ya kuma kashe wa na gaba ido. An faɗa, an maimaita, ba a ji. Su kuma rewayoyin da suka koyi aiki rabi da rabi, masu cire fis su ɗaura waya, masu liƙa farar fitilar kanti ba saiti, su sani suna da kamasho a jinin da ake zubarwa.

Sai taya. Uku daga cikin tayoyin Sharon ɗin nan 'yan gwanjo ne na Turai, masu tambarin dutse da ƙanƙara a jiki. An yi su ne don titin Jamus da Kanada lokacin dusar ƙanƙara, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7. Robarsu laushi gare ta, kwaltarmu kuwa da rana ta take zafi take ɗauka ko a hunturu, sai ta cinye su da wuri. Mai sayarwa ya nuna maka zanen ya ce "ka ga haƙora", ba zai nuna maka lambobi huɗu na gefe ba. In ka ga 2315, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2015. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, shekara huɗu ta yanke wa taya.

In ba ka gani, rage gudu. Kunna gajeren haske. Kada ka sha gaban kowa. In mota ta lalace a sauke ta daga kwalta gaba ɗaya, a fitar da fasinja, ganye biyu a titi ba ya tsayar da tirela. A wanke gilashi da ruwa. Fitilar baya, fitilar baya, a duba ta kafin a bar tasha.

Shugabannin tasha da 'yan kamasho su ne ke da ikon hana lodi, kuma zagaya mota a ce direba ya taka birki a ga ja bai kai minti ɗaya ba. Masu unguwanni su sa a liƙa wa amalanke jan tef mai ƙyalli a baya, a kuma daina tura ƙananan yara da shanu kan titi kafin gari ya waye. Fasinja kuma, in direba ya fara gudu a cikin hazo ku yi magana, in ya ƙi ku sauka. Lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, a ajiye ta a waya tun kafin buƙatarta ta taso.